Yadda muka shirya shari'ar kwangila da taimakon ƙirƙirarriyar basira

Shari'ar ta kwangilar gini ce. Wanda muke karewa ɗan kwangila ne da aka maka a kotu bisa zargin ya jinkirta kammala aiki, masu ginin kuma suna neman ya biya su diyyar kowane mako da ya ƙaru a kan wa'adin da ke cikin yarjejeniya. Shi kuwa tun ranar da ya fara zama a ofishinmu maganarsa ɗaya ce: su ne suka riƙa sauya zanen ginin ana tsaka da aiki, su ne kuma suka riƙa jan ƙafa wajen amincewa da sauye-sauyen da suka kawo da kansu. Duk lauyan da ya taɓa riƙe irin wannan ƙara ya san kwanan wata ne ke cin ta. Wa ya rubuta me, yaushe ya rubuta, wa ya amsa, bayan kwana nawa. Amsoshin kuwa suna warwatse cikin dubban saƙonnin imel, rahotannin wurin aiki, takardun taro, rasitai, zane-zane da saƙonnin waya na tsawon shekaru.

Ni na kawo shawarar mu yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka gina domin lauyoyi. Babban lauyan ofishinmu, wanda muke kira Maigida, ya saurare ni har na kai aya. Bai tambaye ni saurinta ko ƙwarewarta ba. Cewa ya yi, "Barista, idan ka zuba takardun mutumin nan a cikinta, ina suke tafiya, wa kuma zai iya ganinsu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kamfanin ya ce a tsare suke." Ya ce, "Abin da suka faɗa a talla daban, abin da suka sa wa hannu daban. Kawo mini yarjejeniyar in gani." Daga nan aikin ya fara, tun ba mu kunna komai ba.

Na zauna na karanta yarjejeniyar kamfanin kamar yadda zan karanta kwangilar da ake shari'a a kanta. Abin da nake nema shi ne a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a yi amfani da takardunmu wajen horar da manhajar ba, a faɗi ƙasar da rumbun ajiyar yake, a faɗi ko ma'aikatan kamfanin na iya buɗe abin da muka ɗora, a kuma yarda za a goge komai idan mun nema. Tun a nan manhajojin hira na kyauta suka fita daga lissafi, domin da yawansu suna ajiye abin da mutum ya rubuta, suna kuma iya koyo daga gare shi idan bai kashe wannan zaɓin ba. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da ra'ayinta mai lamba 512 a watan Yulin 2024 a kan wannan batu, inda ta ce lauya ya nemi amincewar wanda yake karewa, bayan ya fahimtar da shi haɗarin, kafin ya sa bayanan shari'arsa cikin manhajar da ke koyo daga abin da aka ba ta. Wannan ra'ayi ba doka ba ne a kan kowa, amma hujjarsa ta gamsar da ni. Amanar sirri ita ce jarin lauya, kuma mai sirrin ne ke da ikon cewa ga inda za a kai shi.

Don haka muka kira ɗan kwangilar. Na ce masa, "Yallaɓai, na'ura za ta taya mu tsefe takardunka. Ba ita za ta yanke abin da za mu faɗa wa kotu ba, kuma duk abin da ta fitar sai mun duba shi da idonmu." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaya ko ɗaya ɓangaren na iya amfani da irin wannan manhaja su ga takardunsa. Tambaya ce mai kyau. Na nuna masa sakin layin da ya ce kowane ofishi da nasa ma'ajin, a rufe. Ya sa hannu a takardar amincewa, muka saka ta a fayil.

Matakin da ya biyo baya shi ne wanda masu talla ba sa ambata, kuma shi ya fi cin rai. Manhaja ba ta iya karanta hoton takarda sai an mayar da shi rubutu. Imel ba shi da matsala, a rubuce ya zo. Amma rahotannin wurin aiki da takardun taro sai da akawunmu ya ɗauki hotonsu shafi bayan shafi, sannan wata manhaja ta mayar da hotunan haruffa. Inda takarda ta ji ruwa ko tawada ta koɗe, sai ka ga 1 ta zama 7, ko sifili ya zama harafi. Rubutun hannu kuwa wani ta kama, wani ta cakuɗa. Muka ware duk takardun da aka rubuta da hannu ko aka yi wa gyara da biro a gefe, muka ce waɗannan idon mutum ne zai bi su. Sannan aka cire maimaici, domin imel ɗaya da aka aika wa mutum goma yana bayyana sau goma, aka kuma haɗa kowane saƙo da amsoshinsa ya zama zare ɗaya. Kowane shafi aka ba shi lambar da ba za ta sake canzawa ba. Wannan lamba ita ta riƙe duk aikin da ya biyo baya.

A da, abin da za mu yi daga nan shi ne neman kalmomi. Ka rubuta "jinkiri" ko "sauyi", kwamfuta ta kawo maka duk inda suka fito. Raunin wannan hanya tsoho ne. A 1985 wasu masu bincike biyu, David Blair da M. E. Maron, sun gwada ta a kan takardu kusan 40,000 na wata shari'a a Amurka. Lauyoyin da suka yi neman sun ɗauka sun gano aƙalla kashi 75 cikin ɗari na takardun da suka dace, da aka auna sai aka ga kusan kashi 20 kawai suka samo. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa karanta saƙonnin ma'aikata: mutane ba sa kiran abu da sunan da lauya zai kira shi. A namu fayil ɗin, injiniyan masu ginin bai taɓa rubuta cewa ya sauya zane ba. Abin da yake rubutawa shi ne "maganar da muka yi jiya a kan bene na biyu", ko "ku dakata da wancan ɓangaren tukuna". Babu kalmar da za ka nema ta kawo maka waɗannan.

Hanyar da muka bi ita ce ta koya wa manhajar abin da muke nema. Na ɗauki wani kaso na takardun na karanta da kaina, kowace na yi mata alama: wannan ta shafi shari'ar, wannan ba ta shafa ba. Daga alamomin nan manhajar ke gane kamannin takardar da nake so, sai ta jera sauran daga wadda ta fi kama zuwa wadda ta fi nisa. Ina ƙara karantawa ina yin alama, tana ƙara gyara jerin. Wannan dabara ta girmi manhajojin hira da ake yayi yanzu. Tun watan Fabrairun 2012 Mai Shari'a Andrew Peck na kotun tarayya da ke New York ya amince da ita a shari'ar Da Silva Moore da kamfanin Publicis, a 2016 kuma Babbar Kotun Ingila ta amince da ita a shari'ar Pyrrho, inda takardun da za a duba suka haura miliyan 3. Abin da sababbin manhajoji suka ƙara shi ne kana iya yi musu bayani da magana ta yau da kullum, su kuma rubuta maka dalilin da ya sa suka zaɓi takarda. Dalilin yana da amfani, domin da shi nake gane inda ta fahimce ni a karkace.

Da jerin ya daina kawo sababbin abubuwa, sai muka koma kan tarin da manhajar ta ce ba shi da amfani. Muka ɗebo takardu daga ciki ba tare da zaɓe ba, muka karanta. Idan ka ci karo da takarda mai muhimmanci a wannan tari, ka san akwai 'yan uwanta a ɓoye, sai a koma a ƙara koyarwa. Mun ci karo da irin haka: gajerun saƙonnin waya masu kalma uku ko huɗu, waɗanda ma'anarsu ba ta fita sai an haɗa su da abin da ya faru a ranar. Sai muka yanke cewa duk saƙonnin waya tsakanin manajan aikinmu da injiniyansu mutum ne zai karanta su gaba ɗaya. Haka ma takardun da ke ƙarƙashin sirrin lauya da wanda yake karewa. Manhajar ta taimaka wajen nuna waɗanda sunan lauya ya fito a ciki, amma ban yarda ta yanke hukunci a kan ko ɗaya ba, domin takardar sirri idan ta faɗa hannun abokin shari'a, ko an dawo da ita ya riga ya karanta.

Inda na ga amfanin abin da gaske shi ne jadawalin kwanaki. Na umarci manhajar ta fitar da duk lokacin da aka nemi sauyi a aikin, da ranar da aka nema, da wanda ya nema, da ranar da aka amince. Sharaɗina ɗaya ne, kuma shi na riƙe har ƙarshen shari'ar: kowane layi ya zo da lambar shafin da aka ɗauko shi, da ainihin kalmomin da ke shafin. Layin da ba shi da shafi, goge shi nake yi, komai daɗinsa a wurinmu. Aikin da zai ɗauki lauyoyi makonni ya fito cikin ɗan lokaci. Sai muka raba jadawalin ni da ƙaramar lauyar da ke aiki tare da ni, kowa ya riƙa buɗe shafi yana gwada shi da layi.

Ƙaramar lauyar ce ta fara lura da abin da ba daidai ba. Ta zo teburina ta ce, "Barista, duba nan. Jadawalin ya nuna an amince da wannan sauyin kafin ma a nemi a yi shi." Da muka buɗe shafukan sai muka ga tushen matsalar. Wasu takardun suna rubuta rana kafin wata, wasu kuma, waɗanda wata manhajar lissafi ta fitar, suna rubuta wata kafin rana irin na Amurka. Don haka 03/04 a wata takarda 3 ga Afrilu ne, a wata kuma 4 ga Maris. Manhajar ta ɗauki salo ɗaya ta shafa wa kowa, ba ta kuma nuna wata alamar shakka ba. A shari'ar da ake ƙirga diyya mako-mako, tazarar wata guda kuɗi ne masu yawa, kuma da wannan layi ya shiga takardar rantsuwar shaidanmu, da lauyan ɗaya ɓangaren ya samu abin da zai rusa amincinsa da shi a gaban alƙali. Muka rarraba takardun bisa inda kowace ta fito, muka faɗa wa manhajar salon kowane rukuni, muka kuma umarce ta ta rubuta sunan wata da haruffa, duk inda take shakka ta ce tana shakka. Haka muka yi da lokutan imel, domin wasu ma'aikatan suna wata ƙasa, saƙon da aka aika da dare yana iya bayyana da kwanan watan gobe.

Da jadawalin ya daidaita, sai labarin ya fito da kansa. An nemi a sauya tsarin bene na biyu, ɗan kwangilar ya aika da sabon lissafi cikin mako guda, sannan aka bar shi yana jira. Manhajar ta haɗo mana abubuwa uku da suke wurare daban-daban a fayil: takardar taron da aka ce za a ba da amsa "nan ba da jimawa ba", rahoton wurin aiki da ke nuna ma'aikata sun zo sun zauna babu abin yi, da wani imel na cikin gidan masu ginin, daga takardun da suka miƙa mana bisa umarnin kotu, inda wani jami'insu ke cewa ba su gama shawara a kan kuɗin sauyin ba. Mai yiwuwa ne mutum ya gano ukun nan da kansa idan yana da lokaci da ƙwaƙwalwar da ba ta gajiya. Mu ba mu da lokacin.

Amma akwai abin da ba ta gani ba, kuma yana da kyau a faɗe shi. Yarjejeniyar ta ce idan ɗan kwangila na son ƙarin wa'adi, sai ya rubuta takardar sanarwa cikin ƙayyadadden lokaci. A sauye-sauye biyu babu wannan takarda. Manhajar ba ta ce komai a kai ba, domin abin da ke cikin fayil take karantawa, ba ta san ta nemi abin da ya kamata ya kasance a ciki amma babu ba, sai idan an tambaye ta. Maigida ne ya ɗago maganar, bayan ya karanta yarjejeniyar da jadawalin gefe da gefe. Ya ce, "Nan za su soke mu." Wannan giɓi shi ya tilasta mana shiga binciken doka: shin mai aikin da ya jawo jinkiri da kansa zai iya cin moriyar rashin sanarwa?

A nan ne hankalina ya fi tashi, domin a nan lauyoyi suka fi faɗawa rami. Shari'ar da kowa ke ambata ita ce ta Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca a New York. Lauyoyin mai ƙara sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ta ƙirƙiro, da sunayen ɓangarori, da lambobi, da maganganun alƙalai, alhali ba a taɓa yin waɗannan shari'o'i ba. Da shakka ta taso, lauyan ya koma ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaskiya ne, ta ce masa na gaskiya ne. A watan Yunin 2023 Mai Shari'a Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000. Abin bai tsaya a can ba. A watan Yunin 2025 Babbar Kotun Ingila, ƙarƙashin Mai Shari'a Victoria Sharp, ta duba ƙararraki biyu tare. A ɗaya, ta Ayinde, an kawo shari'o'i biyar da babu su, a ɗayar kuma 18 cikin hukunce-hukunce 45 da aka ambata ba su wanzu ba. Kotun ta yi gargaɗin cewa irin wannan na iya kai lauya ga tuhumar raina kotu.

Sanin dalilin da ke sa haka ya taimake ni. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne su hasashi kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, daga ɗimbin rubutun da suka karanta. Sun san kamannin sunan shari'a da kamannin lambar kundi, don haka suna iya haɗa wanda ya yi kama da na gaske ba tare da wani kundi a gabansu ba. Manhajojin lauyoyi suna rage wannan ta hanyar fara nemo hukunce-hukunce daga rumbu na gaskiya, sannan su rubuta amsa a kansu. Ragewa ce, ba kawarwa ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manyan manhajojin nan, suka samu cewa Lexis+ AI tana ba da amsa mai kuskure ko marar tushe a sama da kashi 17 cikin ɗari na tambayoyin, ta Westlaw kuma a kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne sun lissafa har da amsar da ta ambaci shari'a ta gaskiya, amma shari'ar ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. Wannan ya fi ƙagaggen suna haɗari, domin idan ka duba za ka ga shari'ar tana nan, sai hankalinka ya kwanta.

Irin wannan muka gamu da shi. Manhajar ta kawo mana jerin hukunce-hukunce a kan tambayarmu, dukkansu na gaskiya. Na buɗe kowanne a kundinsa na karanta daga farko har ƙarshe, ban tsaya a taƙaitawar da ke sama ba. Ɗaya daga ciki, wanda ya fi kowanne dacewa da bukatarmu, maganar da aka ɗauko daga ciki ta alƙalin da ya saɓa wa sauran ce, rinjayen kotun kuwa akasin haka suka yanke. Wani kuma kotun sama ta riga ta taƙaita shi a wani hukunci na baya. Sauran sun tsaya da ƙafarsu, biyu daga ciki ma ban san da su ba, kuma sun yi mana amfani sosai. Na buɗe takarda guda a fayil inda nake rubuta kowace shari'a, wanda ya karanta ta, sakin layin da muka dogara da shi, da ko an duba cewa ba a soke ta ba. Da na nuna wa Maigida, sai ya ce, "Haka ake yi. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Sunanmu ne a ƙasan takardar." Wasu kotuna ma sun mayar da wannan sharaɗi: a watan Mayun 2023 Mai Shari'a Brantley Starr na Teksas ya umarci lauyoyin da ke gabansa su tabbatar a rubuce cewa ko ba su yi amfani da irin wannan manhaja ba, ko kuma mutum ya duba duk abin da ta rubuta. Mun duba ƙa'idojin kotun da muke gabanta kafin mu miƙa komai.

Wajen rubuta jawabinmu ban ba manhajar wani babban aiki ba. Na gwada, abin da ta rubuta ya fito sumul, amma tana ba kowace hujja nauyi ɗaya, alhali lauya ya san wace hujja zai sa a gaba, wacce zai ambata a gurguje, wacce kuma zai bari. Inda ta yi mini rana shi ne da na ba ta abin da na rubuta na ce ta tsaya a matsayin lauyan ɗaya ɓangaren ta kai mini hari. Yawancin abin da ta kawo na riga na hango su. Amma ta nuna cewa a wani wuri mun ce ma'aikata sun tsaya cak, a wani wurin kuma rahotonmu ya nuna an ci gaba da aiki a wani sashe na ginin. Muka gyara maganar ta dace da takarda.

Shirin yi wa shaidunsu tambayoyi ya tafi a kan wannan tsari. Na ba manhajar takardar rantsuwar injiniyansu, na ce ta gwada kowace magana da ya yi da saƙonninsa na lokacin da abin ke faruwa, ta kawo inda suka saɓa da lambar shafi. Wasu saɓanin ƙanana ne, irin na mantuwa, na watsar da su, domin alƙali ba ya son lauyan da ke titsiye shaida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Guda uku na riƙe. A kotu babu manhaja a gabana, takardu ne a jere da alamomi. Na tambaye shi ko ya taɓa umartar a dakatar da aiki a bene na biyu, ya ce bai taɓa ba. Na ce, "Ya mai shari'a, ina roƙon a nuna wa shaida shafin da ke cikin kundin hujjoji." Ya karanta saƙonsa da bakinsa. Na tambaye shi wane ɓangare yake nufi da "wancan ɓangaren". Ya ɗan jima kafin ya amsa cewa bene na biyu ne. Yadda za a jera tambayoyin, da lokacin da za a yi shiru a bar shaida da amsarsa, da lokacin da za a zauna, waɗannan daga kallon Maigida a kotu na koye su.

Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna game da ƙananan lauyoyi. Mu da karatun tarin takardu muka koyi gane ƙarya da gaskiya a fayil, da gane takardar da ta ɓata. Ƙaramar lauyarmu ta kama kuskuren kwanan watan ne domin ta riga ta karanta rahotannin wurin aiki da yawa, ta san yadda abubuwa suka biyo juna. Idan aka miƙa wa sabon lauya jadawali gamamme tun ranar farko, da me zai auna shi? Shi ya sa na roƙi Maigida cewa duk sabon da ya zo ofishin ya fara karanta wani kaso na ainihin takardun kowace shari'a kafin a buɗe masa abin da manhaja ta fitar, ko da hakan zai rage mana sauri. Ya amince.

Bayan an rufe sauraron shaidu, ɓangarorin biyu suka zauna sulhu, aka daidaita ba tare da an kai ga hukunci ba. Masu ginin sun janye yawancin diyyar da suke nema, wanda muke karewa kuma ya ɗauki nauyin kwanakin da suka shafi sauye-sauye biyun nan da bai rubuta sanarwa a kansu ba. Wajen lissafin kuɗin aiki, sa'o'in da muka yi da gaske muka rubuta, har da na dubawa da tantancewa, waɗanda suka fi yadda na zata yawa. Lokacin da na ɓata ina koyon yadda manhajar ke aiki ban sa shi a ciki ba, domin ilimi ne da zai amfane mu a wasu shari'o'in. Kuɗin amfani da manhajar kuma mun nuna shi a layinsa daban, kamar yadda muka faɗa masa tun farko. Daga nan na rubuta wa kamfanin na nemi su goge duk takardun shari'ar daga rumbunsu, suka aiko da tabbaci a rubuce, na haɗa shi da takardar amincewar ɗan kwangilar da takardar tantance hukunce-hukunce, akawu ya rufe fayil ɗin.